Lambar da Muka Yanka wa Rago

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni aron mijina Malam shekara talatin da 'yan kai, ya kuma karɓi abinsa a garin Manzonsa. Matan unguwarmu sun ishe ni da tambaya. Duk wadda mijinta ya fara daɗewa a banɗaki sai ta aiko a tambaye ni, kamar ni ce likita. To ni ɗinki nake yi a unguwar Anbariyya ta Madina, kuma har yau akwai abubuwan da suka shige mini duhu a ciwon nan. Zan dai faɗi abin da na gani, wanda na gane da wanda ban gane ba, ko Allah ya sa wata ta fi ni dabara.

Malam mutumin ƙasar Kano ne, a filin jirgin sama na Madina yake aiki, yana tuƙa 'yar motar nan mai jan amalanken jakunkuna. Larabcinsa na salla ne da na aiki: ɗauko, sauke, yi sauri. Ɗanmu na fari a nan aka haife shi, a lokacin da nake ba ku labari ya zama cikakken magidanci, yana aiki da wani kamfanin kwangila a Yanbu, inda ya kwashi Turanci a bakin Indiyawa da 'yan Filifin. Hausa yana ji sarai, amma in ka yi masa magana da ita, da Larabci zai mayar maka.

Dole in tsaya a kan yaron nan, don labarin duk a kansa ya rataya. Mu mun zo da kunyar ɗan fari daga gida, ba mu bar ta a Jidda ba. Ni ban taɓa kama sunansa ba, Babba nake ce masa. Malam kuwa ko wannan ba ya cewa, sai dai “kai”, in kuma ba ya nan, “mutumin Yanbu”. In yaron ya shigo falo, Malam sai ya tuna yana da wani aiki a ɗaki. Maƙwabtanmu Larabawa suna ɗauka faɗa suke. Ba su san duk yammacin Laraba Malam yana laɓe a jikin taga yana duban hanyar da motar Yanbu ke ajiye mutane ba, in ya hango shi sai ya koma ya zauna ya buɗe Alƙur'ani kamar tun ɗazu a nan yake.

A shekarar 1999, dab da azumi, fitsari ya fara yi wa Malam gardama. Bai faɗa mini ba, amma ni nake wanke wandunansa, ni kuma nake jin ƙarar buta. Sai ya shiga ya daɗe, ya fito, kafin ya zauna ya sake komawa. Mutumin da ke rige-rigen sahun gaba a Harami ya koma yin salla a bakin ƙofa, don alwala ba ta riƙe masa. Da na tambaye shi sai ya ce sanyin garin ne. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, haƙoransa har kaɗawa suke.

Nan fa likitocin unguwa suka taso. Inna Zainabu, maƙwabciyata mutuniyar Maraɗi, ta shigo da ƙullin sassaƙe a gefen mayafi.

“Sanyi na, wallahi,” ta ce. “Haka na maigidana Malam Isuhu ya yi. Kar ki yarda ki kai shi wurin lokotoro su huda shi.”

Wani ya ce basir ne ya hau sama. Wani ya kawo habbatus sauda da zuma. Wani direba ya yi alkawarin fitsarin raƙumi daga bayan gari, na ce ya riƙe abinsa, mu da muke fama da namu. Malam ya sha duk abin da aka ba shi ban da wannan, zazzaɓin bai ko gezau ba. Muka je ƙaramin asibitin unguwa, aka ba shi maganin zazzaɓi, aka tura mu babban asibiti, can kuma aka ɗebi jini aka ce mu dawo bayan mako biyu a ga likitan mafitsara.

Likitan Ba'indiye ne, Larabcinsa bai fi na Malam ba, Turanci yake yi. Dole aka kira Babba daga Yanbu ya yi tafinta. Ni aka nuna mini wurin zaman mata. Na miƙe zan bi su, Malam ya waiwayo ya ce, “Rabi, zauna.” Na zauna. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ban ji shi duka ba sai bayan shekara biyu.

Suka fito ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Malam ya yi gaba abinsa. Na tare Babba a bakin ƙofa.

“Me ya ce?”

“Ummi, iltihab ne, kumburi. Akwai wani abu wai shi burustata, a ƙarƙashin mafitsara. An auna jini, PSA, lambar Abuya sha tara ce, su kuma huɗu suke so. Zai sha magani wata guda a sake tahalil, a sake auna jinin.”

“Shi ke nan abin da ya ce? Kun fi rabin sa'a a ciki.”

“Halas, Ummi. Shi ke nan.”

Tun daga ranar lamba ta shigo gidanmu ta zauna. Ashe duk dattawan Hausawan da ke haɗuwa a farfajiyar Harami bayan la'asar kowa da tasa, suna gwada ta kamar sakamakon jarrabawa. Wani mai bakwai ya ce shekararsa uku da ita, ko ciwon kai ba ya yi. Aka ce akwai mai sha biyu da aka binne bara. Aka ce wani tasa ta kai talatin, aka yi masa aiki, aka tarar ba komai. Malam ya riƙa dawowa da waɗannan labarai yana zube mini, in rasa wanda zan kama. Kalmar da kowa ke tsoro ba mai furtawa, sai dai a ce “mugun ciwon nan”. Ni na furta ta a zuciyata, ciwon daji, na kasa cin abincin buɗa baki.

Akwai wata da nake wa ɗinki, Dakta Hadiza, 'yar Kano, a ɗakin gwaje-gwajen asibitin take. Ita ba ta ganin marasa lafiya, tsokar da aka yanko a jikin mutane take dubawa a madubin likita. Ta zo gwajin kayan salla, ina riƙe da tef a ƙugunta na ce, “Dakta, mece ce PSA?”

Ta ce, “Hajiya, kin ga almakashin nan naki? To wani abu ne mai aiki irin nasa, sai dai ido ba ya ganinsa. Maniyyin namiji da kauri yake fitowa, shi wannan abin ne ke yayyanka abin da ya ɗaure shi har ya tsinke. Burustata ce ke yin sa, aikinta ke nan.”

Na ji kunya ta kama ni, amma na daure. “Ke nan ba ciwo ba ne?”

“Ba ciwo ba ne. Kowane namiji mai lafiya yana da shi. Mu ma mata ana samun ɗan kaɗan a jikinmu, har a ruwan nono.”

“To me ya sa ake tsoronsa?”

“Don mazauninsa can cikin burustata ne, ɗan kaɗan ke zubowa cikin jini. In ya yi yawa a jini, wani abu ya taɓa wurin. Ko ƙwayar cuta, ko girman tsufa, ko ƙari.”

“Ƙarin ma yana yin sa?”

“Yana yi. Wani ƙarin ma bai kai lafiyayyar tsoka yin sa ba.”

Na ajiye tef ɗin. Na ce, “Dakta, don Allah tsaya. Mai lafiya yana da shi, mai kumburi yana da shi, mai daji yana da shi. To uban me gwajin ya gwada?”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce gwajin ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai, ba ya faɗin wanda ke ciki. Sannan ta daina dariya ta tambaye ni, “Likitan ya duba shi da hannu? Ya ce za a ɗebo tsoka?” Na ce Babba bai faɗi haka ba. Ta ce in tambaya. Da yamma na tambayi Malam, ya ɗaure fuska ya ce, “Rabi, bar maganar nan.” Na buga wa Babba waya, ya ce, “Ma fi shai, Ummi, ba komai.” Mutum biyu sun ce ba komai, ni ta uku me zan ce?

Malam ya shanye maganinsa, zazzaɓi ya tafi, fitsari ya ɗan saki. Bayan ƙaramar salla aka sake ɗibar jini. Lamba ta faɗo daga sha tara zuwa biyar. Wayyo, ku zo ku ga murna! Inna Zainabu ta ce sassaƙenta ne. Malam ya ce zamzam ne da dabinon ajwa. Ni na ce ko ma mene ne, mun gode. Na ɗan yi ƙorafi cewa ai huɗu aka ce, Malam ya ce tsakanin huɗu da biyar ko a kasuwa ana yafewa. Ya sayo rago, baƙi mai farin goshi, aka yanka, aka yi shinkafa aka raba har gidajen Larabawa. Babba ya zo daga Yanbu, shi ya riƙe ƙafafun ragon. Na lura bai ci naman ba, na ɗauka gajiyar hanya ce.

An ba mu ranar komawa wurin likita, sai ta faɗo tsakiyar saukar alhazai, lokacin da ko mutuwa aka yi maka a filin jirgi sai ka roƙa kafin a sake ka. Malam ya ce mai lafiya ba ya zuwa asibiti ya tare wa marasa lafiya layi. Ba a koma ba.

Muka samu shekara ɗaya da wani abu lafiya lau, ko in ce abin da muka ɗauka lafiya ne. Har yanzu yana daɗewa a banɗaki, amma mun saba. Sai ciwon baya ya fara. Wa zai yi mamakin ciwon baya ga mutumin da ke cicciɓar jakar alhazan Najeriya? Ai jakar mutanenmu ko ɗan dambe ta kayar. Aka yi masa ƙaho a gadon baya sau biyu, aka shafa man zaitun, aka ɗaure da rawani. Ya fara salla a zaune. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ni da kaina na rage masa riguna ina ce wa kaina zafin Madina ne.

Wata safiya ya tashi zai yi alwala, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Fitsari kuma ya tsaya cak, marar ta kumbura ta yi tauri. Mutumin da ban taɓa jin kukansa ba ya riƙa kiran sunan Allah da wata irin murya. Maƙwabta suka ɗauke shi a bargo zuwa mota. A asibiti aka sa masa roba, fitsari ya zubo da jini, aka ɗauki hoton baya, aka ga wasu fararen tabo a ƙashi. Aka auna jini. Lamba tara.

Nan kaina ya ƙara kullewa. Na tare wata nas 'yar Filifin ina mata Larabcin kasuwa: da yana sha tara yana tafiya da ƙafarsa, yanzu yana tara ba ya iya tsayuwa, wane irin lissafi ne wannan? Ta dafa ni ta ce, “Sabur, Mama.” Haƙuri dai, haƙuri dai, kowa abin da yake da shi ke nan.

Aka ɗebo tsoka daga burustata, aka ɗebo daga ƙashin baya, duka suka je teburin Dakta Hadiza. Bayan kwanaki ta kira ni ofishinta. Ta ce tunda na taɓa tambayarta, gara in gani da idona. Ta sa na lanƙwasa na leƙa madubin. Ta ce sun zuba wani rini da ke kama PSA kaɗai, duk inda yake sai wurin ya yi ruwan ƙasa.

Na farko da ta nuna mini wasu zagaye ne a jere, tsaf-tsaf, sun yi ruwan ƙasa sosai kamar shayin da ya daɗe a wuta. Na ce, “Innalillahi, ga ciwon nan.”

Ta ce, “A'a, Hajiya, nan ne lafiyayyen wurin.”

Ta matsar da gilashin. Sai ga wani wuri a hargitse, ba jeri ba tsari, rinin ma bai kama sosai ba, shayi ne da aka cika wa ruwa. Na ce, “To nan da sauƙi.”

Ta ce, “Nan ne ƙarin. Irin nasa ba ya yin abin da yawa, shi ya sa lambarsa ba ta tashi sama ba. Waccan sha tara ɗin, mafi yawanta ƙwayar cuta ce ta kawo ta. Magani ya kashe cutar, lamba ta sauka, shi kuwa yana nan zaune.”

Ta canza gilashi, ta ce wannan daga ƙashin baya ne. Na ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa jefi-jefi. Ta ce ƙashi ba ya yin PSA, ba aikinsa ba ne. Tunda aka gan shi a nan, sun san daga inda baƙon ya taso. Na miƙe. Wurin da ya fi rini shi ne lafiya, wurin da ya kusa fari shi ne mutuwa, abin da ke halal a nan haram ne a can. Na ce mata, “Dakta, ni dai na bar wa Allah, amma ragon nan fa?” Sai ta riƙe hannuna.

Ranar da za a faɗa wa Malam sakamako na ce sai na shiga, ko za a kira mini 'yan sanda. Na roƙi Dakta Hadiza ta zo ta yi mana tafinta, Babba ma ya iso daga Yanbu. Likitan nan ne dai Ba'indiye. Ya dubi Malam a keken guragu, ya yi magana a hankali, Dakta Hadiza ta juya mana.

“Yana tambaya me ya hana ku dawowa a ɗebi tsoka wancan karon. Ya ce da ya duba Malam da yatsa ya ji wuri mai tauri a gefe guda. Ya ce ya faɗa, ya kuma nanata, ko lamba ta sauka ko ba ta sauka ba, sai an shiga da allura ta dubura an ɗebo.”

Malam ya ce, “Ni ba a faɗa mini haka ba.”

Duk muka juya ga Babba. Ƙaton mutum, mai 'ya'ya biyu, ya tsaya a jikin bango kansa a ƙasa. Da ya buɗe baki, ni ya kalla, ba ubansa ba.

“Ummi, kef agul? Ta yaya zan faɗa? Ya fito daga bayan labule yana ɗaure wando, ko ido ba mu haɗa ba. In dube shi in ce za a sa masa allura a... Wallahi na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Na ce a raina in lamba ba ta sauka ba zan sa wani ya faɗa masa. Sai ta sauka.”

Raina ya ɓaci, na ji kamar in kwaɗa masa mari. Kafin in yi magana likitan ya ƙara wani abu, Dakta Hadiza ta juya mana.

“Ya ce shi ma ranar ya yi tambayoyi. Sau nawa Malam ke tashi fitsari, ko yana ganin jini, ko akwai matsala wajen iyali. Duk amsa ɗaya aka ba shi.”

Babba ya ce, “Na tambaye shi, Ummi, da Larabci. Ya ce alhamdu lillahi.”

Malam bai musa ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, “A gaban yaron zan ce me?”

To kun ji. Ɗa ya ji, bai iya faɗa ba. Uba ya sani, bai iya faɗa ba. Ni da na san adadin wandunan da nake wankewa, ina waje a kan benci ina jan carbi. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na yi fushi da kowa, har da likitan da bai nemo wani tafinta ba, har da ragon. A waje na tambayi Dakta Hadiza, da an ɗebi tsokar wancan lokaci, da ya tsira? Na so ta ce e, ko ta ce a'a, in san inda zan ajiye zuciyata. Ta ce, “Hajiya, ban sani ba. Wataƙila da an tare shi kafin ya kai ƙashi. Wataƙila kuma ya riga ya kai. Ba zan yi miki ƙarya ba.”

Aka fara yi wa Malam wata allura duk wata, wadda aka ce tana kashe ƙarfin namiji don ƙarin da shi yake ci. Tsada gare ta ba kaɗan ba. Kamfaninsu ya biya ta farko da ta biyu, daga nan suka fara maganar iƙama, wato takardar zaman ƙasa, da shekarun ritaya. Allah ya saka wa Hausawan Madina da alheri, direbobi da masu shara da malaman jami'a, duk Juma'a sai an haɗa wani abu an kawo. Awarwarona na zinariya suka tafi, ban yi kewarsu ba. Aka tura mu Jidda a gasa ƙashin bayan da na'ura, muka yi makonni a gidan wani ɗan garinsu, mu a ɗaki, masu gida a falo. Ya samu sauƙi har ya taka da sanda zuwa Harami. Lamba ta sauka ƙasa da ɗaya. Inna Zainabu ta shigo da guɗa tana cewa a yi sadaka, na ce ko kaza ba zan yanka wa lamba ba.

Gaskiyata kuwa. Bayan watanni ciwon ya dawo, ya fi na da, lambar kuwa da ƙyar ta motsa. Na daina tambayarta ma. Aka kwantar da shi a ɓangaren maza, inda dokar asibiti ta ce mai jinya sai namiji, ni sai lokacin ziyara bayan la'asar. Malam ya ce a nemo wani a biya shi, ko Bangali ne. Babba bai yi gardama ba, bai kuma nemo kowa ba. Ya ajiye aikinsa na Yanbu, ya zo da 'yar jakarsa ya shimfiɗa darduma a gefen gadon.

Kwanakin farko abin tausayi ne, abin dariya ne. In na zo sai in tarar Malam ya juya wa ɗakin baya yana kallon bango, jakar fitsari ta cika taf, ya ƙi cewa a zubar, shi kuma Babba yana jira ubansa ya yi barci kafin ya taɓa ta. In za a goge masa jiki sai ya ce a kira nas, nas kuwa ta ce ga ɗanka nan. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa na gadin kunyar ɗan'uwansa, wari na tashi. Na ce musu, “Ku dai ba ku gaji ba? Ni na gaji.”

Wata ranar Litinin ina zaune ina ba shi kunu a cokali, likitan ya shigo zagaye. Ya duba idon Malam da ya yi rawaya, ya danna cikinsa, sannan ya ja Babba gefe ya yi masa magana mai tsawo. Likita ya fita. Babba ya dawo bakin gado yana gyara bargon da ba abin da ya same shi.

“Ya ce za a canza magani, Abuya. Bas.”

Malam ya ture cokalin. Ya juyo da kansa, ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun ranar suna.

“Usmanu.”

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Yaron ya daskare, kamar bai san mai sunan ba.

“Usmanu, zauna nan. Faɗa mini abin da ya ce, duka. Kar ka rage mini ko ɗaya. Da Hausa.”

Ya zauna a bakin gadon. Da Hausarsa mai ɗingishi, yana nema yana tuntuɓe, ya faɗa. Ciwon ya kai hanta. Ba sauran magani sai na rage zafi. Likita yana ganin makonni ne, ba watanni ba. In yana so a kai shi gida Najeriya, yanzu ne, in an jima jirgi ba zai ɗauke shi ba. Yana faɗa hawaye na zuba a gemunsa, amma bai tsallake komai ba.

Malam ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Ya ce, “Madalla. Yau ka yi tafinta. Ba inda za ni, a nan za ka binne ni.” Ya ɗan huta, sannan ya ce, “Wancan karon, ni na fara yin shiru kafin kai. Kar ka ɗauki laifin nan ka kai ko'ina.” Sai ya ɗaga bargon da hannunsa ya ce, “Jakar nan ta cika. Zubar, ka zo ka goge mini jiki. Rabi, ba mu wuri.”

Wannan karon da aka ce in fita, da daɗin rai na fita. Na zauna a bencin mata na yi kukan da na daɗe ina adanawa.

Bai kai wata ba Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, kansa a cinyar ɗansa. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar, aka shiga da shi Baƙi'a. Mu mata iyakarmu bakin katanga. Kaburburan can ba suna ba alama, ni ban san inda yake ba, wanda ya shiga ramin ya karɓe shi ne kaɗai ya sani.

Masu aiko mini da tambaya, ga iyakar abin da na sani. Lambar nan har gobe ban gane ta ba. Kar ta tashi ku fara rabon gado, kar ta sauka ku sayi rago. Ku tambayi likita abin da hannunsa ya ji da abin da ya ce a yi nan gaba. In za a shiga wurinsa, a shiga da wanda bakinsa zai iya faɗin komai, ko bare ne, matar kuma ta shiga ko an harare ta. Kunya tarbiyyarmu ce, ban ce a yar ba, amma a ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi, in an fito a ɗauka.

Da aka dawo daga maƙabarta gidan ya cika da masu gaisuwa. Can na hango yaron a tsaye a bakin ƙofar kicin, ƙasar Baƙi'a har gwiwar wandonsa, tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Na buɗe baki zan ce Babba, sai na tuna mutum ɗaya ne ya taɓa kiran sa da sunansa a gidan nan, shi ma an baro shi can. Inna Zainabu tana gefena, na san za ta kai labari har Maraɗi. Na ce, “Usmanu, wanke hannunka ka zo ka ci abinci.”